Shin Ko Kun San? Daga Motar Tsere Zuwa Jif Mai Shan Dizel

Wani maƙwabcina a unguwar Ogba ta Legas, ɗan kasuwa mai sauke hatsi daga Arewa, ya shekara uku yana hawan wata jar mota mai ƙofa biyu, irin wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa. Kullum da safe in zai fita sai ya karkata ta, ya hau kwalbatin ƙofar gida a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, yaron gidansa na tsugune yana leƙen ƙarƙashi yana cewa, "Taho, Alhaji, taho. Tsaya! Za ta taɓa." Ranar da mahaifiyarsa ta zo daga Katsina ganin jikoki, ya tafi tarbo ta a filin jirgin sama na Ikeja. Ta dubi kujerar can ƙasa, ta dubi gwiwoyinta, ta ce, "Ɗan nan, in na shiga wa zai fito da ni?" A tasi ta iso gida, shi yana biye da ita a baya. Watan bai ƙare ba sai da ya sayar da jar motar ya sayi jif mai shan dizel. Tambayoyin da ya yi ta kai wa bakanikensa bayan nan, ina zaune ina saurare, su suka haifi shafinmu na wannan mako.

Hanya ita ke zaɓar mota

Shin ko kun san cewa tazarar da ke tsakanin cikin motar tsere irin Porsche 911 da ƙasa ba ta kai santimita 15 ba, alhali ta Toyota Land Cruiser ta haura 22? Bambancin bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma shi ke raba wanda ya haye tudun rage gudu lafiya da wanda ya bar salansarsa a kan titi.

Ko kun san cewa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida gudun kilomita 100 a sa'a a kan babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari? Ita kuwa 911 tana iya kusantar 300. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na gudun da mai ita ya biya kuɗinsa, doka ba ta yarda ya taɓa shi ba. Wanda ya san titin Oba Ogunji da yamma ya san ko hamsin ɗin ma sai an yi sa'a.

Kun san kuwa gadar sama ta Pen Cinema, mai tsawon kilomita 1.4, a watan Maris na 2021 aka buɗe ta? Ta rage wa mutanen Agege da Ogba wahalar tsayawa a mahaɗar layin dogo. Sai dai da zarar ka sauka ka karya kwana zuwa cikin unguwa, rami da kwata da kwalbati suna nan suna jiran mai gajeriyar mota.

Shin ko kun san cewa kamfanin Toyota ya ce Land Cruiser na iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, Range Rover kuma 90? Wannan magana ce ta ruwa kwantacce, a tafiyar sannu. Ruwa mai gudu daban yake: santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma ya tafi da jif. In inji ya shaƙi ruwa ta hancinsa, fistin ba ya iya matse shi, sai ƙarfe ya lanƙwashe nan take. Waɗanda suka ga ambaliyar Legas ta watan Yulin 2011 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. In ba ka ga inda ƙafar mai tafiya ke tsayawa a ruwan ba, jira ya janye.

Ko kun san cewa iyayenmu sun riga mu gane wannan lissafi? Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a wannan shekarar ce ta lashe gasar tseren daji ta Safari a Gabashin Afirka. Abin da ya sa ta shiga zuciyar direbobin Kano zuwa Ikko shi ne tsayinta daga ƙasa, da juriyarta, da kuma cewa kowane bakaniken bakin hanya ya san cikinta.

Dokin sukuwa da raƙumin fatake

Shin ko kun san cewa ƙarfin inji iri biyu ake aunawa? Akwai ƙarfin doki, wanda ke nuna yawan aikin da inji zai yi cikin ƙanƙanin lokaci, shi ne mai ba da gudu. Akwai kuma ƙarfin murɗawa, mai ja da hawan tudu. Ku lura da mai faci in notin taya ya ƙi kwancewa: yakan zura bututun ƙarfe a hannun sifana ya ƙara mata tsawo, ya taka a hankali, sai notin ya saki. Ƙarfin murɗawa ke nan, kuma da ma'aunin Nm ake ƙidaya shi.

Kun san kuwa Porsche 911 Carrera ta 2019 tana da ƙarfin doki 385 da Nm 450, ita kuma Land Cruiser 300 mai shan dizel, wadda ta fito a 2021, tana da doki 309 amma Nm 700? Kuma wannan ƙarfi yana zuwa tun inji na juyi 1,600 a minti, wato ƙafa na ɗan taɓa totur. Motar tsere sai ta yi kururuwa take nuna bajintarta. Jif ɗin dizel tana gurnani ƙasa-ƙasa take ɗaukar mutum bakwai da kayansu ta hau tudu. Ɗaya dokin sukuwa ce, ɗaya raƙumin fatake.

Ko kun san cewa a 2006 wata Volkswagen Touareg mai injin dizel ta ja jirgin sama ƙirar Boeing 747 mai nauyin tan 155? A 2017 kuma, a filin jirgin Charles de Gaulle na birnin Paris, Porsche Cayenne mai shan dizel ta ja Airbus A380 mai tan 285 har tsawon mita 42. In aka mayar da wannan nauyi buhun shinkafa mai kilo 50, ya kama buhu 5,700, lodin tirela tara da rabi.

Shin ko kun san cewa dizel ma ya taɓa cin tsere? A 2006 motar Audi R10 ta zama ta farko mai shan dizel da ta lashe gasar Le Mans a Faransa, inda ake gudu sa'a 24 ba tsayawa sai shan mai da canjin taya. Bayan shekara biyu kamfanin ya fito da jif Q7 mai silinda 12, doki 500, Nm 1,000.

Ko kun san cewa su kansu masu ƙera motocin tsere sun bi hanyar da maƙwabcina ya bi? Porsche ta fito da Cayenne a 2002, Lamborghini ta fara sayar da Urus a 2018, Ferrari ta bi sahu da Purosangue a 2022. Yau fiye da rabin motocin da Porsche ke sayarwa jif-jif ne. Wani abin lura, Ferruccio Lamborghini da taraktar noma ya fara arziki kafin ya kafa kamfanin mota a 1963, Porsche ma ta yi taraktar dizel har zuwa wannan shekarar.

Daga man gyaɗa zuwa Lekki

Shin ko kun san cewa injin dizel ba shi da fulogin tartsatsi? Iska kawai yake matsewa, ninki 15 ko fiye, har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Duk wanda ya taɓa bugun iska da famfon keke ya ji bakinsa ya yi zafi ya ga ƙaramin misalin abin. Bajamushe Rudolf Diesel, wanda aka haifa a Paris a 1858, shi ya ƙera injin farko mai aiki sosai a 1897. A 1913 ya ɓace daga cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila.

Kun san kuwa a bajekolin duniya na Paris a 1900 an tayar da injin dizel da man gyaɗa zalla? Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana hangen ƙasashen Afirka masu noman gyaɗa. Shekara 11 bayan haka layin dogo daga Ikko ya isa Kano, gyaɗa ta kama hanyar teku, goro ya kama hanyar Arewa, Hausawa suka yi zango a Agege suna saye suna ɗaurewa. Cikin manyan attajiran da suka haɗa cinikin goro da na gyaɗa akwai Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, shi ya gina matatar mai a Ibeju-Lekki, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023 da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, kuma dizel na cikin abin da ta fara fitarwa kasuwa.

Lissafin aljihu

Shin ko kun san cewa litar dizel ta fi litar fetur ƙarfi da kusan kashi 10 cikin 100, injinsa kuma ya fi iya tattali? Jimilla, jif ɗin dizel kan rage shan mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan takwararta mai fetur. Land Cruiser 300 da ake sayarwa a Ostireliya tana ɗaukar lita 110, kuma a gwajin hukuma tana shan lita 8.9 a kilomita 100. A takarda, tanki ɗaya zai kai ta Kano daga Ogba, tafiyar kusan kilomita 1,000. A zahiri akwai lodi, da na'urar sanyaya mota, da layin tireloli tsakanin Jebba da Mokwa, don haka mai hankali ba ya barin allura ta sauka ƙasa da kwata.

Ko kun san dalilin da ya sa mafi yawan jif-jif ɗin Najeriya fetur suke sha? Dalili biyu ne. Shekara da shekaru gwamnati ta yi tana biyan tallafi a kan fetur, dizel kuwa an daɗe da sakar wa kasuwa shi. Na biyu, yawancin motocin tokumbo daga Amurka suke zuwa, inda manyan motocin gida kusan duk fetur ne. Sai ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, mutane suka fara sake lissafi.

Kun san kuwa farashin dizel ma yana saurin tsalle? A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, lita ta tashi daga ƙasa da naira 400 zuwa kusan 800 cikin 'yan watanni. A farkon 2024 ta haura 1,500, kafin matatar Lekki ta sauke wa dillalai ita zuwa 1,000 a watan Afrilu. Mai jif ɗin dizel yana layi ɗaya da masu tirela, masu masana'anta da masu janareto, duk abin da ya taɓa su zai taɓa shi.

Mai kyakkyawa, mai mugu

Shin ko kun san cewa sabon injin dizel yana fesa mai da matsin da ya kai 2,000 a ma'aunin bar, alhali iskar tayar mota ba ta kai 3 ba? Ramukan bakin nozul ɗinsa siraran gaske ne, kusan kaurin gashin kai. Ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi sun isa su lalata su.

Wata uku da sayen motar, maƙwabcina ya sha mai a jarka a bakin hanya saboda dare ya yi masa. Da safe mota ta dinga shaƙewa. A gareji bakaniken bai taɓa inji ba tukuna. Ya kwance ƙasan filta, ya tsiyaye mai a cikin wata farar kwalba, ya ajiye a kan benci, ya ce, "Alhaji, mu sha shayi tukun." Kafin mu ƙare kofi ɗaya, man ya rabu gida biyu: rawaya a sama, ruwa mai duhu kamar kaurin yatsa biyu a ƙasa. Ya ɗaga kwalbar wajen hasken rana ya ce, "Ka ga ciwon motarka. Allah ya taimake ka filta ta tare. Da ya wuce, kuɗin nozul ɗaya sai ya fi na cika tankin nan." Tun daga ranar gidan mai ɗaya yake sha, mai yawan ciniki, kuma ba ya tafiya Arewa sai da filta biyu a but. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko kun san cewa a 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda ake kawo wa Afirka ta Yamma dizel mai ɗauke da farar wuta fiye da kima? A lokacin dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai 10 kacal. A watan Disambar shekarar Najeriya, Benin, Togo, Ghana da Kwaddebuwa suka amince su sauke ƙa'idar zuwa 50. Farar wuta tana cin inji, tana ɓata baƙin mai da wuri, tana kuma shiga huhun mutane.

Shin ko kun san cewa gosulo ciwo ne ga sabuwar motar dizel? A cikin salansarta akwai matatar da ke tare baƙar toka, kuma ba ta wanke kanta sai ta yi zafin kusan digiri 600 a doguwar tafiya. Motar da aikinta kullum daga Ogba zuwa Alausa ne, tana rarrafe, matatar za ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, ƙarfi ya ragu. Maganin shi ne a riƙa fita da ita babbar hanyar Ibadan lokaci-lokaci ta yi tafiyar rabin sa'a ba tsayawa. Masu cewa a fasa matatar a zubar suna sauke wa mai mota nauyi ne su ɗora wa mai talla a bakin titi.

Kun san kuwa ruwan AdBlue da wasu jif-jif ɗin Turai ke bukata, kashi 32.5 cikin 100 nasa yuriya ce, 'yar'uwar wadda manomi ke zuba wa masara? Sauran tataccen ruwa ne. Amma kada wani ya jiƙa takin gona ya zuba, domin dattin cikinsa zai kashe na'urar. In ruwan ya ƙare ƙaf, yawancin motocin ba sa sake tashi sai an zuba.

Ko kun san cewa kuskure mafi tsada a gidan mai shi ne a zuba fetur a tankin dizel? Yaron famfo ya saba ganin jif da fetur, hannunsa can zai tafi. Dizel shi ke shafa wa famfon inji maiƙo, fetur kuwa wanke shi yake yi. Sauko ka tsaya a kansa. In an riga an zuba, kada ka murɗa makulli, a tura motar gefe a zuƙe tankin.

Kafin ka biya kuɗi

Shin ko kun san cewa Turai na juya wa dizel baya? A Satumbar 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 dabarar ɓoye yawan hayaƙinsu a lokacin gwaji. A 2018 Porsche ta daina ƙera motar dizel gaba ɗaya. Daga 2019 birnin Landan ya fara cajin tsofaffin motocin dizel fam 12.50 a kowace rana. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya tsofaffin motoci miliyan 14 da aka fitar daga Turai, Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. In ka ga katafariyar jif ana sayar da ita da arahar da ta ba ka mamaki, tambayi dalili.

Ko kun san cewa tun Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama? Motar da aka yi wa Ingila ko Japan sitiyarinta na ɓangaren da bai dace da titinmu ba, kuma wadda aka juya wa sitiyari a gareji abin tsoro ce a babbar hanya. Kafin ciniki ya faɗa, je kasuwar Ladipo ka tambayi kuɗin nozul, turbo da famfon mai na wannan ƙirar, sannan ka tabbata akwai bakaniken da ke da kwamfutar duba ta a Legas da kuma garin da kake zuwa hutu.

Girma amana ne

Shin ko kun san cewa Land Cruiser ta kai nauyin tan 2.5, motar tsere kuwa kusan 1.5? Bambancin buhun shinkafa 20 ne, kuma yana can sama nesa da ƙasa. Kwanar da gajeriyar mota za ta sha tana manne da kwalta, doguwa na iya kifewa a cikinta. In gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke bukata ninkawa huɗu yake yi. Ƙafar da ta saba da waccan motar dole ta koyi sabon taku. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ko kun san cewa wani bincike da cibiyar kamfanonin inshora mai nazarin haɗurra ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna motocin da tsayin gabansu ya haura mita ɗaya sun fi masu gajeren gaba kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100? Gajeriyar mota ƙafa take duka, doguwa ƙirji, yaro kuwa kai. A 2012 kuma sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin dizel cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu. Wanda ke ciki ya rufe gilashi, mai shaƙa shi ne ɗan acaba, mai turin baro da yarinya mai tallar burodin Agege.

Da babbar Sallar da ta wuce maƙwabcina ya ɗebi iyalinsa ya bi ta Ibadan, Ogbomosho, Ilorin da Jebba har Katsina, ya dawo da Hajiya a kujerar gaba. Na ga saukarsu. Ya sa mata ɗan matakalar katako a bakin ƙofa, ta dafa kafaɗarsa ta sauko da ƙafarta. Washegari da asuba, lokacin da yaran layinmu ke fita makarantar allo, na gan shi ya zagaye motar kafin ya shiga, ya leƙa ƙarƙashi, ya leƙa baya. Na ce, "Alhaji, wani abu ya faɗi ne?" Ya ce, "A'a, Malam. A waccan motar ina ganin kan kowane yaro. A wannan kuwa, in yaro ya tsaya a gabanta ba na ganinsa." Ya jira har na ƙarshensu ya wuce da allonsa, sannan ya tayar.